Tayin abinci a gidan mutanen Iran: wa ke cewa "nushe jan", kuma yaushe ake faɗarsa?

Hajiya Rabi, Katsina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka san Farisanci ko suka taɓa zama da mutanen Iran. Akwai wani ɗan kasuwa ɗan asalin birnin Shiraz na Iran da muka daɗe muna sarin darduma a wurinsa a Dubai, kuma a tafiyar da zan yi bayan salla uwargidansa ta aiko cewa lallai sai na je gidansu na ci abincin dare. Larabcina na kasuwa ne, ita kuma an ce da Farisanci ta fi sakewa, don haka nake so in riƙe ko da kalmomi kaɗan na ladabin cin abinci, domin kada a yi ta hidima da ni ina zaune shiru har a tashi. An gaya mini cewa "nushe jan" shi ne "a ci lafiya" ɗinsu. To, ni baƙuwa ni ce zan faɗa idan an ajiye abinci, ko kuwa masu gida ne ke faɗa? Idan kuma aka faɗa mini, da me zan amsa?

Malam Habibu, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi karatu a Isfahan, kuma zan faɗi abin da na gani a gidajen mutane. Wanda ya fassara miki bai yi kuskure ba, sai dai bai gaya miki bakin da maganar ke fitowa ba. "Nushe jan" addu'a ce da ke tashi daga wanda ya ba da abinci, ko wanda ba ya cikin masu ci, zuwa ga wanda ke ci. Saboda haka idan kika zauna aka jera kwanuka, kika riga masu gida cewa "nushe jan", ba za a ga laifinki ba, amma zai zama kin ɗauki maganar uwargida kin sa a bakinki.

Ga yadda abin ke tafiya. Idan an gama shimfiɗa "sofre", wato shimfiɗar da ake jera abinci a kanta a ƙasa ko a kan tebur, masu gida za su ce "befarmayid". Wannan kalma ita ce mabuɗin komai a ƙasar: da ita ake cewa shigo, da ita ake cewa zauna, da ita ake miƙa shayi, da ita ake cewa fara ci. Sau da yawa za ki ji an haɗa ta da sunan Allah, a ce "besmellah, befarmayid". Ke kuma ki ce "mamnun", wato na gode, ko "kheili mamnun", na gode ƙwarai. Za ki ji suna cewa "mersi" ma, kalmar da suka aro daga Faransanci ta zama tasu.

Wurin da aka fi jin "nushe jan" shi ne bayan an ci. Ke baƙuwa za ki dubi wadda ta yi girkin ki ce "daste shoma dard nakone", ma'ana Allah ya sa kada hannunku ya yi ciwo, ita kuma ta amsa da "nushe jan". Wata za ta mayar miki da "sare shoma dard nakone", kada kanku ya yi ciwo. Idan jimla ɗaya kaɗai za ki iya haddacewa, Hajiya, to ki haddace ta hannun nan, domin ita ce taki.

Alhaji Issoufou, Maraɗi:
Malam Habibu, Allah ya ƙara ilimi. Ina karanta bayaninka ina ganin zauren gidanmu. A nan Nijar yaranmu da suka yi boko suna shiga gidan cin abinci su ce wa juna "bon appétit" kafin a sa cokali, har wasu na cewa Hausa ba ta da irin wannan magana. Alhali abin da ke akwai shi ne mu ba mu tsara ta a matsayin ƙararrawar fara ci ba. Mai abinci ne ke cewa "bismillah", wanda ya tarar ana ci kuma ba shi da niyyar sa hannu shi ne ke cewa "alhamdu lillahi, a ci lafiya". Shin mutanen Iran ma idan mutum ya tarar da su suna ci haka suke yi?

Malam Habibu, Zariya:
Haka ne, Baba Alhaji, babu bambanci ko kaɗan a wannan gaɓar. Idan ka shiga shago da rana ka tarar mai shagon ya buɗe kwanonsa, dole ne ya ɗago ya ce "befarmayid", ko da burodi da cuku kaɗai ke gabansa, kai kuma ka ɗora hannu a ƙirji ka ce "nushe jan". Da wannan ka gode, ka ƙi cikin ladabi, ka kuma sake shi ya ci gaba da cin abincinsa ba tare da nauyin idonka ba. A cikin motar haya mai tafiya mai nisa, wanda ke kusa da kai ba zai ɓare lemo ko ya buɗe ƙullin fistak, wani ɗan itace da ake ci kamar gyaɗa, ya kai baki ba sai ya miƙo maka tukuna.

Dakta Hadiza, Kano:
Tun da tambayar ta shafi kalma, bari in ƙara da asalinta, domin asalin yana bayyana dalilin da ya sa ta zama addu'a. Kalmomi biyu ne, ana rubuta su نوش جان. "Jan" rai ne, kuma ita ce kalmar da suke liƙa wa sunan wanda suke ƙauna ko girmamawa, kamar a ce "madar jan" ga uwa. "Nush" kuwa a Farisancin yau tana nufin abin sha mai daɗi, zuma, ko maganin da ke karya dafi, kuma daga gare ta aka sami "nushidan", wato shan abu, da "nushabe", lemon kwalba. Amma a Farisancin tsakiya, wanda ake kira Fahlawi, siffarta "anosh" ce, ma'anarta abin da ba ya mutuwa, ko abin shan da ke hana mutuwa. Masu karatun tarihin Musulunci sun san Kisra Anushirwan, sarkin Farisa da ya yi mulki daga 531 zuwa 579, wanda a zamaninsa aka haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Laƙabin nan nasa yana nufin mai ran da ba ya mutuwa, kuma tushensa ɗaya da kalmar da za a faɗa wa Hajiya a kan shimfiɗa.

Saboda haka mai cewa "nushe jan" ba sha'awar ci yake yi wa mutum fata ba, kamar yadda maganar Faransawa da Alhaji ya kawo take nufi. Fatansa shi ne abin da ya shiga cikin ya zama magani ga rai. Ana gane haka da kyau idan aka dubi kishiyarta. Idan Ba'iraniye ya fusata da wanda ya ci masa haƙƙi, yakan ce "zahre maret beshe", wato ya zame maka dafin maciji. Abinci ɗaya ne, ko dai a yi fatan ya zama maganin dafi, ko a yi fatan ya zama dafin kansa. A ganina kusancinta ya fi yawa da "hani'an mari'an" da ke aya ta 4 ta Suratun Nisa'i, da "kulu washrabu hani'an" da aka maimaita a kan 'yan Aljanna a surorin Ɗur da Haƙƙa da Mursalat.

Abu na ƙarshe, Hajiya, game da furuci. Mutanen Tehran da masu kwaikwayon maganarsu suna mayar da "an" ta koma "un" a hira, don haka "jan" ta zama "jun", "nan" wato burodi ya zama "nun", "mehman" wato baƙo ya zama "mehmun". Idan kika ji "nushe jun" ko "nushe junetun" kada ki ɗauka wata magana ce daban. Ƙarshen "etun" da kalmar "shoma" jam'i ne na girmamawa, daidai da yadda muke ce wa babba "ku". Ki riƙe "shoma" da uwargidan har sai ita ta sauke.

Maman Zahra, Kaduna:
Hajiya, ni na zauna a Mashhad tare da maigidana, kuma yawancin zamana da matan unguwa ne, don haka zan gaya miki abin da zai same ki da zarar kin zauna. Kalmomin da Malam Habibu ya koya miki daidai ne, amma wahalar ba ta wurin haddace su take ba, tana wurin abin da suke kira "ta'arof", wato ladabin nacewa wajen tayi da nokewa wajen karɓa. Uwargida za ta zuba miki shinkafa fara mai ɗigon za'afaran a sama, ta ɗora miya, wataƙila "ghorme sabzi" ta ganye da wake da busasshen lemon tsami, ko tun da mutanen Shiraz ne ta yi miki "kalam polo", shinkafa da kabeji da ƙananan curin nama. Kafin ki kai rabi za ta sake ɗaukar ludayi. Za ta ce ba ki ci komai ba, za ta ce ko bai yi miki daɗi ba ne, za ta ba ki haƙuri cewa abincin bai kai darajarki ba, "ghabele shoma ro nadare", alhali tun safe take tsaye a kansa. Kada ki yarda da wannan maganar ko da da gyaɗa kai ne. Ki ce "kheili khoshmaze ast", yana da daɗi ƙwarai, ki ƙara da "zahmat keshidid", kun sha ɗawainiya.

Sannan akwai "tahdig", wanda ma'anarsa gindin tukunya, wato ƙanzo. Mu a nan yara ake bar wa ƙanzo, su kuwa da gangan suke yin sa, da mai da za'afaran, wani lokaci a shimfiɗa yankakken dankali ko siririn burodi a ƙasan tukunyar, a kife shi a faranti ya fito ja jawur yana ƙamas-ƙamas. Shi ne abin da kowa ke kallo a kan shimfiɗar, kuma baƙo ake fara miƙa wa. Idan aka miƙo miki, ki ɗauki ɗan madaidaici ki yaba, domin a nan ake auna gwanintar mai girki. Shawarata ita ce ki zuba kaɗan da farko, ki ci a hankali, saboda ki bar wurin ƙari, domin karɓar ƙari sau ɗaya ya fi kowane yabo faranta mata rai. Idan kika ƙoshi ki ce "sir shodam, mamnun", kuma ki shirya maimaita shi har sau uku.

A al'adarsu, baƙon da aka yi wa tayin farko ba ya cafkewa nan take. Yakan ce a'a na gode, a sake tayi, ya sake nokewa, sai a na uku ya karɓa. Idan mai gida ya gaji da jan zancen sai ya ce "ta'arof nakonid", wato ku daina nokewa.

Malam Lawal, Sakkwato:
Ina biye da ku tun farko, kuma na ƙaru, amma wannan gaɓa ta ƙarshe da Maman Zahra ta kawo ba zan iya wuce ta ban yi magana ba. Addu'ar hannu da addu'ar rai kyawawa ne, babu mai ja. Amma mutum yana jin yunwa, a yi masa tayi, ya ce ba ya so, domin kawai al'ada ta ce sai an yi sau uku, wannan mene ne sunansa? Ibn Majah da Imam Ahmad sun ruwaito daga Asma'u bint Yazid cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abinci, aka yi musu tayi, suka ce ba sa sha'awarsa, sai ya ce kada su haɗa yunwa da ƙarya. Wannan fa a kan daidai irin wannan nokewar aka faɗe shi. Haka kuma mai shagon da ke cewa "befarmayid" alhali abincin bai ishe shi ba, kuma ba ya fatan a amsa, shi ma ya furta abin da ba ya cikin zuciyarsa. Ban ware mutanen Iran ba, mu ma Hausawa muna cikin wannan, kuma kunyar da muke taƙama da ita ta sha kwanar da baƙo da yunwa a gidan da tuwo ya kwana. Ina ganin bai kamata mu koya wa Hajiya ta ce ba ta so alhali tana so ba.

Malam Habibu, Zariya:
Allah ya gafarta Malam, hadisin da ka kawo abin tsayawa ne a kansa, kuma ba zan yi jayayya da shi ba. Sai dai ina so a duba wani abu. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya yarda da abin da ba haka yake ba. A cikin "ta'arof" kuwa babu wanda aka ruɗa, domin mai tayi ya san "a'a" ta farko ba amsa ba ce, mai nokewa ma ya san za a sake. Magana ce da ɓangarorin biyu suka san ma'anarta a al'adance. Amfaninta kuma a fili yake: tana ba talaka damar yin tayi ba tare da ya rasa abincin 'ya'yansa ba, tana ba baƙo damar auna ko tayin na gaske ne kafin ya ɗora wa gidan nauyi. Tayin da aka yi sau ɗaya aka yi shiru, an san na gaisuwa ne. Wanda aka nace a kansa, aka tashi aka ɗauko faranti, an san na gaske ne. Kalmar kanta Balarabiya ce, daga "ta'aruf", sanin juna, kuma ina ganin sunan ya dace da aikin da take yi.

Malam Lawal, Sakkwato:
Na fahimci hujjarka, Malam Habibu, amma matan da ke cikin hadisin ma kunya ce ta sa su, ba niyyar yaudara ba, kuma duk wanda ke wurin ya san haka, amma duk da haka aka kira abin da suka faɗa da sunansa. Sannan tsarin da kake bayani yana aiki ne kawai tsakanin waɗanda suka tashi a cikinsa. Baƙon da bai san ƙa'idar ba fa? Ko dai ya amsa tayin da ba na gaske ba ya kunyata mai gida, ko ya ƙi na gaske ya kwana da yunwa.

Maman Zahra, Kaduna:
Malam, abin da ka faɗa su kansu Iraniyawa suna faɗarsa, kuma ba a ɓoye ba. Suna da karin magana cewa "ta'arof amad nayamad dare", wato tayi yana iya karɓuwa yana iya ƙin karɓuwa, don haka kada ka yi tayin abin da ba za ka iya bayarwa ba. Suna kuma da suna na musamman ga tayin fatar baki, suna ce masa "ta'arofe Shah Abdol Azimi", suna danganta shi da garin Rey da ke kudancin Tehran inda hubbaren Shah Abdol Azim yake. Wanda aka ce tayinsa irin wannan ne, ba yabonsa aka yi ba. Matasa da yawa idan suna so a yi maganar gaskiya sai su fara da "bi ta'arof", ma'ana ban da nokewa, faɗi abin da kake so. Na ga maƙwabciyata, dattijuwa, ta ƙi barin wata ɗaliba baƙuwa ta tashi daga kan shimfiɗa, ta zuba abincin a kwano ta rufe ta sa mata a jaka, domin ta lura yarinyar kunya ce ta hana ta ci. A wurinta nauyin gane yunwar baƙo a kan mai gida yake, ba a kan baƙon ba. Suna cewa "mehman habibe Khodast", baƙo masoyin Allah ne.

Alhaji Issoufou, Maraɗi:
Mu ma da "baƙonka annabinka" aka raine mu. Ni dai a wannan gardama ina tsakiya, amma na fi karkata ga Malam Lawal a kan lafazi. Dattawanmu da suka san hadisi ba sa cewa "na ƙoshi" idan ba su ƙoshi ba. Sukan ce "alhamdu lillahi", ko "Allah ya ƙara arziki", ko "a ci lafiya", kuma duk cikin ukun babu wanda ya ba da labarin abin da ke cikin cikinsu. Suruki a gidan surukansa ba ya ci, kowa ya san dalili, amma ba ya rantsuwa cewa ya ci a gida.

Dakta Hadiza, Kano:
Baba Alhaji ya taɓo inda nake ganin za a raba gardamar, domin Farisanci ma ya bambanta lafuzzan nan biyu. Akwai amsoshin da labari ne, ana iya gaskata su ko a ƙaryata. "Sarf shode" yana nufin an riga an ci. "Sir hastam" yana nufin a ƙoshe nake. "Meil nadaram" kuwa yana nufin ba ni da sha'awa, wanda kusan kalma da kalma shi ne abin da matan nan suka faɗa a hadisin da Malam Lawal ya kawo. Wanda ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan alhali yana jin yunwa, maganar Malam ta hau kansa. Amma "nushe jan" ba labari ba ne, addu'a ce, haka ma "mamnun" godiya ce, haka "daste shoma dard nakone". Mutum na iya nokewa da su sau biyu, ya ba mai gida damar nacewa ko janyewa, ba tare da ya faɗi komai game da yunwarsa ba. Don haka Hajiya tana iya kiyaye ladabinsu gaba ɗaya ba tare da ta furta abin da ba gaskiya ba, matuƙar ta zaɓi lafazin addu'a ta bar na labari sai lokacin da ya zama gaskiya.

Malam Lawal, Sakkwato:
Wannan rarrabewar ta gamsar da ni a kan ɓangaren baƙo, Dakta, Allah ya saka da alheri. A kan ɓangaren mai tayi kuwa ina nan a kan bakana: wanda ya ce "befarmayid" ko ya ce "bismillah" ya ƙudurta a ransa cewa idan aka sa hannu zai yi farin ciki, domin ya zo a hadisi ingantacce cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu.

Aminu, Yamai:
Gafarta dai malamai, ina da tambaya a gefen wannan. Lokacin da na je Umara, masu gasa gurasar tamis da muke saye da safe a Makka yawancinsu mutanen Afganistan ne, kuma an ce su ma Farisanci suke yi. Shin lafuzzan nan ɗaya ne a wurinsu?

Dakta Hadiza, Kano:
Da yawansu Farisanci suke yi, wanda a can ake kira Dari, wasu kuma Fashto, wanda harshe ne daban. Masu Dari suna cewa "noshe jan", da wasalin "o", wanda ya fi kusa da tsohon furucin, kuma godiyarsu ta yau da kullum "tashakkor" ce. Shimfiɗar abinci a wurinsu an fi kiranta "dastarkhan". A Tajikistan, inda ake rubuta Farisanci da haruffan Rasha, za ka ji "nushi jon", za ka kuma ji "osh shawad", wato ya zama abinci a jikinka. A ƙasashen biyu idan an gama ci akan ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, babba ne ke ja, kuma ba a tashi kafin a yi. Kalmar ta kuma tsallaka zuwa harsunan maƙwabta: mutanen Azarbaijan suna cewa "nush olsun", a Urdu kuma idan ana girmama baƙo akan ce "nosh farmaiye", wato ku ci. Turkawa su kalmar Larabci suka ɗauka, suna cewa "afiyet olsun", kuma wannan "afiya" ita ce tushen "lafiya" tamu. Iraniyawa ma suna da "afiyat bashe", amma sun fi faɗarta ga wanda ya yi atishawa ko ya fito daga wanka, shi kuma ya amsa da "salamat bashid". Don haka Hajiya kada ta ari maganar Turkawa ta kai kan shimfiɗar mutanen Shiraz.

Malam Habibu, Zariya:
Akwai wasu guda biyu da za su yi wa Hajiya amfani bayan daren. Idan kika koma shago washegari, wani daga cikin dangin da bai halarta ba yana wurin, aka ɗauko zancen abincin, ana ce masa "jaye shoma khali", wurinku ya kasance babu kowa, wato mun yi kewarku. Shi kuma ya ce "dustan be jaye ma", abokai sun wakilce mu. A wurinsu ba a ba da labarin daɗin da aka ci a gaban wanda bai ci ba sai an fara da wannan.

Na biyu shi ne gishiri. Wanda ya ci abincin gida ya zama "namak gir", gishirin gidan ya kama shi, akwai haƙƙi a kansa. Mafi munin abin da za a faɗa a kan mutum shi ne ya ci gishiri ya fasa mazubin gishirin, "namak khord o namakdan shekast", wanda mu za mu kira cin amana. Ina faɗar wannan ne domin ki san gayyatar ba ƙaramar magana ba ce a wurin ɗan kasuwar da iyalinsa. Daga ranar da kika ci a gidansu, hulɗar ta wuce ta ciniki, kuma idan wata rana ɗansu ko ɗan'uwansu ya biyo ta ƙasarmu, za su sa ran ƙofarki a buɗe take.

Maman Zahra, Kaduna:
Idan tafiyar ta faɗo cikin azumi wata shekara, a wurin buɗa baki ba "nushe jan" ake fara faɗa ba, ana cewa "ghabul bashe", Allah ya karɓa, kamar yadda muke yi wa juna barka da shan ruwa. Haka ake faɗa wa wanda ya rabo abincin sadaka. Kuma Hajiya ki lura da shayi, domin da shi za a tarbe ki, da shi kuma za a rufe. Baƙin shayi ne a ƙaramin kofin gilashi, ba madara, ana kawo shi da ƙwayar sukari mai tauri da suke kira "ghand", wadda ake sa wa a baki a kurɓi shayin ta kanta. Duk lokacin da aka miƙo tire, "daste shoma dard nakone" ta wadatar.

Hajiya Rabi, Katsina:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na rubuta su a takarda, kuma zan bi shawarar Dakta in tsaya a kan lafazin godiya da addu'a. Saura abu ɗaya. A gida idan na ci abincin mutum nakan ce Allah ya ƙara buɗi, Allah ya sa albarka, sannan a bakin ƙofa in ce sannunku da ɗawainiya. Ina so in san ko suna da addu'ar arziki irin wannan, da kuma abin da ake faɗa wajen sallama.

Malam Habibu, Zariya:
Suna da ita, Hajiya. Idan kin janye hannu ki ce "elahi shokr", godiya ga Allah, sannan ki fuskanci masu gida ki ce "Khoda barekat bede", Allah ya sa albarka, ko "Khoda ziyad kone", Allah ya ƙara. Za ki ga kalmomin Larabci ne da kika riga kika sani, albarka da ziyada, sai dai furucin ya sauya. A bakin ƙofa kuma baƙo yakan ce "zahmat dadim", mun ɗora muku wahala, masu gida su ce "che zahmati", wace wahala, wasu su ƙara da cewa ku rahama ne, domin "zahmat" da "rahmat" ɗigo ɗaya ne ya raba su a rubutu. Za su raka ki har waje, ki ce "befarmayid" kina nuna musu ciki domin su koma, su ƙi, su tsaya har motarki ta tashi. Kalmar rabuwa ita ce "Khoda hafez", Allah ya kiyaye. Kada kuma ki je hannu rabbana: kwalin kayan zaƙi ko furanni shi ne abin da suka saba kaiwa, amma idan kika tafi da kilishi ko dubulan daga gida za su fi jin daɗinsa. Idan kika miƙa uwargida ta yi godiya, ki ce "ghabel nadare", wato bai kai darajarku ba, idan kuma ta ɗanɗana ta yaba a gabanki, to a nan ne ke za ki ce mata "nushe jan".